Ra'ayi: Saƙon murya ya kawo nesa kusa, amma rabin labari yake ɗaukowa

Duk wanda ya tashi a wani ƙauye na jihar Tawa ko Damagaram kafin shigowar wayar salula ya san yadda labarin ɗan ci-rani yake isowa gida. Direban mota ne, ko wani ɗan gari da ya dawo daga Abijan ko Legas, ke zuwa da wasiƙa a aljihu. A kai ta wurin mushen lakwal ya karanta a gaban jama'a, har da abin da mai wasiƙar bai so kowa ya ji ba. Masu dabara kuwa kaset suke cikawa da muryarsu, a taru bayan sallar isha'i a saka shi a rediyo, tsohuwa tana share hawaye tana amsa gaisuwar da aka yi mata tun wata biyu baya. Amsa kuma sai ranar da aka samu wani matafiyi.

Kamfanin Celtel, wanda daga baya ya koma Zain sannan Airtel, ya fara aiki a Nijar a 2001, sai dai kiran ƙasar waje ya daɗe da tsadar da ba ta barin a wuce gaisuwa da tambayar lafiyar gida. Abin da ya sauya al'amarin da gaske ƙaramin abu ne: a 2013 WhatsApp ya ƙara maɓallin da mutum zai danna, ya yi magana, ya saki. A ƙasashen da kowa ke karatu, wannan ƙarin sauƙi ne kawai. A Nijar, inda kusan mutum biyu cikin uku na manya ba su iya karatu da rubutu ba, ƙofa ce aka buɗe wa miliyoyin mutanen da Facebook bai taɓa yi da su ba. Facebook na son mai karatu, TikTok na cin mega kamar wutar daji, shi kuwa saƙon murya, vokal kamar yadda matasa ke kiransa, ba ya neman komai sai babban yatsa da ɗan rezo, ko da sai an hau tudu an ɗaga waya sama.

Saboda haka mai son auna tasirin shafukan sada zumunta a ƙasar nan, ba yawan mabiyan wani mai barkwanci na Yamai zai duba ba. Ya duba zauren WhatsApp na ƴan garinsu, wanda ya haɗa na gida da na Tarabulus, da na Tamanrasset, da na Kumasi, da ɗaliban da ke karatu a Maradi. A nan ne rayuwa ta sauya.

Kuma amfanin ba na wasa ba ne. Rasuwar da a da ake wata uku ɗa bai ji ba, yanzu kafin a dawo daga maƙabarta ya ji, ya yi kuka, ya turo gudummawarsa. Kuɗin da ake ba wani ya ƙulle a ɗamara ya ratso iyaka biyu da su, yanzu ana zuba su ta Nita ko Amana ko Al Izza, a ɗauki hoton takardar a tura wa mai karɓa. Manomin albasa na Galmi na iya jin farashin da buhu ya yi a Abijan ko Akara daga bakin ɗan uwansa kafin ya yi ciniki da dillali. A birane kuma matan aure da dama sun mayar da status ɗinsu shago: turaren wuta, atamfa, cukui, kayan kwalliya, mai saye ya yi magana, ɗan kabu-kabu ya kai. Inda wannan ya rage ɗora wa yarinya tire ta yini tana talla a tasha, an ci riba biyu. Akwai zaurukan ƴan gari da suka tara kuɗi suka gyara rijiya, suka yi rufin aji, suka kai mara lafiya asibiti. Wanda zai ce a koma zamanin kaset bai taɓa jiran wasiƙa ba.

Matsalar a wani wuri take. Hanyar ta buɗe dare da rana, amma abin da ke bi ta cikinta tacacce ne, kuma kowane ɓangare na tace nasa.

A fara da abin da ke fitowa daga waje. Ranar Juma'a, matashin da ke aikin gini a Libiya ko Aljeriya zai yi wanka, ya sa rigar da ya fi so, wani lokaci ta aro, ya tsaya gaban wani dogon bene ko motar da bai san mai ita ba, a ɗauke shi hoto. Hoton ne zai kwana a status. Ɗakin da suke kwana su goma sha biyu ba ya shiga hoto. Uban gidan da ya riƙe masa kuɗin wata uku ba ya shiga. Kwanakin da ya yi bai leƙa waje ba don tsoron kame, su ma ba su shiga. Ba lallai ƙarya yake nufin yi ba. Yana gudun tayar da hankalin mahaifiyarsa, yana jin kunyar a ce ya tafi bai samo ba, kuma abokinsa da suka fita tare ya riga ya saka nasa hoton. Kowa ya san wannan a can. A gida ne ba a sani ba.

A gidan kuwa akwai ƙaninsa mai shekara goma sha bakwai, wanda damina ba ta yi masa kyau ba, yana zaune a fada yana shan shayi yana kallon hoton nan sau goma a yini. An ce gani ya kori ji, to shi ya gani. Duk nasihar da dattijo zai yi masa ji ne kawai. Daga nan sai a sayar da rago, ko a jinginar da gona, a kama hanyar Agadas.

Ba waya ce ta ƙirƙiro ci-rani ba, wannan a bayyane yake. Fari da ƙarancin gona da rashin aikin rani ne ke korar mutane tun kaka da kakanni. A watan Oktoban 2013, lokacin da babbar waya ba ta yawaita a ƙauyuka ba, mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a hamada kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace, mafi yawansu mata da yara ƴan yankin Kance. Ba status ne ya kai su ba. Amma hoton da ake turowa yanzu yana ƙara gaggawa, yana kuma rage lissafi, a daidai lokacin da hanyar ba ta yi sauƙi ba. An soke dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure a watan Nuwamban 2023, motoci sun koma fita daga Agadas a fili, amma a ɗaya gefen Aljeriya na ci gaba da kora. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya sama da mutum dubu 30, ƴan Nijar da ƴan wasu ƙasashe, da aka koro zuwa iyakar Nijar a 2024 kaɗai. Da yawansu ana sauke su ne a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kimanin kilomita 15 cikin rairayi kafin su isa Asamaka. Mutum dubu 30 ba ƙaramin taro ba ne. Amma a bincika zauren ƴan gari a ga vokal nawa ne suka ba da labarin wannan tafiyar ƙasa. Wanda aka koro yakan yi shiru, ya cire hotonsa, idan an tambaye shi ya ce wayarsa ce ta ɓace. Sau da yawa ma gaskiya ne, an ƙwace ta.

Gida ma rabin labari yake turawa. A zamanin wasiƙa, buƙata na isa ga ɗan ci-rani sau biyu ko uku a shekara, a dunƙule: hatsi ya ƙare, sallah ta matso, za a aurar da ƙanwa. Yanzu kullum ne. Suna a gidan kawu, bikin ɗiyar gwaggo, maganin wance, kayan lakwal, har da kuɗin megar da za a ci gaba da turo masa wasu buƙatun. Kowace ƙarama ce, jikka biyu, jikka biyar, ba wadda mutum zai ƙi ba tare da an kira shi marowaci ba. Ga alamar nan mai launin shuɗi da ke tona cewa ya saurara, babu damar ya ce saƙon bai iso ba. Wanda ya roƙa yau bai san an roƙa jiya ba, don kowa ta bayan fage yake bi. Ƙarshenta mutum ya yi shekara uku yana ɗaukar siminti, ya dawo ba shi da jarin buɗe tebur, waɗanda suka cinye kuɗin da kaɗan-kaɗan kuma su ne na farko da za su ce me ya samo a can. Ya turo hoton bene, an yi masa lissafin mai bene.

Abin bai tsaya ga kuɗi ba. Ta wannan hanyar ake kai tsegumi: an ga matarka a wuri kaza, ta fita ba ta tambayi kowa ba. Mijin yana nisan kilomita dubu biyu, a gajiye, cikin dare, ba ya ganin fuskar mai magana balle ya gane ko da wata manufa. A da, kafin fushinsa ya iso gida ya huce a hanya. Yanzu cikin minti ɗaya ya danna ya furta abin da ba ya komawa, gobe kuma a garzaya wurin malam ana tambayar ko sakin da aka yi ta vokal ya tabbata. Ana cewa zumunta a ƙafa take. Hikimar ƙafa ita ce tana ɗaukar lokaci kafin ta isa.

Sai kuma ji-ta-ji-ta, wadda ta samu doki. Rubutu ana iya shakkarsa, amma murya tana zuwa da numfashi da rantsuwa da karin harshen garinku. Kowa ya san samfurin: sallama mai tsawo, sannan mai magana ya ce shi da idonsa ya gani, ko ɗan uwansa da ke aiki a wani babban wuri ya faɗa masa, ya rufe da roƙon a tura wa kowa saboda Allah. Babu suna, babu gari, babu rana. Saƙon da aka yi shekara uku baya a wata ƙasa zai iya dawowa yau kamar sabo. Tsohuwar da ta karɓe shi daga wayar ɗanta ba ta bambanta muryar da ɗan ya yi da wadda ya turo kawai. A wurinta, daga gare shi ya fito, kuma shi ba ya yi mata ƙarya. Kamfanin WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda a 2019, a 2020 kuma ya mayar da saƙon da ya sha yawo zuwa wuri ɗaya, amma alamar da ke nuna an sha tura saƙo ba kowa ke lura da ita ba, musamman wanda ba ya karatu.

An ga aikin wannan bayan 26 ga Yulin 2023, lokacin da CEDEAO ta rufe iyakoki tana barazanar amfani da ƙarfi. Ƴan Nijar mazauna waje sun yi makonni ba su barci, kowane dare da muryar da ke cewa an shigo ta nan, an kai hari can, tare da bidiyon da ba wanda ya san ƙasar da aka ɗauke shi. A kwanakin da babu siyasa kuma sai ƴan damfara su karɓi fagen: rajistar tallafin da babu shi, bizar aiki da sai an fara biyan kuɗin takardu, ko wani ya kira ya ce a karanto masa lambobi shida da suka shigo waya bisa kuskure. Wanda ya karanto ya ba da mabuɗin WhatsApp ɗinsa, daga nan za a shiga roƙon danginsa kuɗi da sunansa.

Amsar da hukumomi suka fi bayarwa ita ce doka. A 2019 aka kafa dokar yaƙi da laifukan intanet. A 2022 aka cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi. A watan Yunin 2024 wata doka da Janar Abdourahamane Tiani ya sa wa hannu ta dawo da shi: ɗaurin shekara ɗaya zuwa uku kan ɓata suna ko zagi ta intanet, shekara biyu zuwa biyar kan yaɗa abin da zai iya dagula zaman lafiyar jama'a, tare da tarar da ke iya kaiwa miliyon biyar na sefa. Ya kamata duk mai riƙe da waya ya san wannan, domin dokar ba ta tsaya kan wanda ya ƙirƙiri saƙo kaɗai ba, yaɗawa ma laifi ne.

Babu mai musun cewa wanda aka ɓata wa suna yana da haƙƙin a bi masa kadi. Yarinyar da aka watsa hotonta don ta ƙi wani, ko ɗan kasuwar da aka yi wa ƙazafi, sun cancanci kotu ta saurare su. Amma gidan kaso ba ya kama asalin ji-ta-ji-ta, wanda sau da yawa ba ya ma cikin ƙasar. Wanda hannu ke kaiwa gare shi shi ne mai suna da adireshi, kuma cikin waɗanda suka fara ɗanɗana dokar 2019 akwai ƴan jarida, irin su Samira Sabou da aka tsare a 2020 kan wani rubutu a Facebook kafin kotu ta sallame ta. Idan masu sa hannu kan abin da suka faɗa suka tsorata suka yi shiru, marasa suna ne ke cin kasuwa. Katse intanet ma an gwada: bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021 an rufe intanet na wayoyi kusan kwana goma. Ji-ta-ji-ta ba ta mutu ba, ta koma baki da baki. Wanda ya ji jiki shi ne mai sana'ar status da uwar da ke jiran muryar ɗanta. Haka nan dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, da BBC na wata uku a Disamban 2024: ko mene ne hujjar da aka bayar, mai sauraren da ya rasa shirin da ya saba ba ya daina neman labari, zaure yake komawa.

Abin da zai fi tasiri ya fi doka arha. Tun Maris ɗin 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma har yanzu yawancin sanarwar hukuma na yawo ne a matsayin hoton takarda da Faransanci, da hatimi a ƙasa. Wani ne zai fassara ta a vokal, ya ƙara gishirinsa. Me zai hana ma'aikata ko fadar gwamna ko magajin gari su fitar da sanarwa da murya, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci, mai magana ya faɗi sunansa da muƙaminsa da ranar da yake magana, a cikin awa ɗaya da faruwar abu? Ji-ta-ji-ta da murya take tafiya, ba za a kamo ta da takarda ba. Wannan ƙalubale ne ga kafofin labarai ma, waɗanda da yawansu ke rubuta wa ƴan tsirarun da ke karatu su bar sauran ga duk wanda ya fara danna maɓalli.

Sai dai kaso mafi girma na kan matasan birni da ƴan ci-rani, domin su ne ƙofar da komai ke bi ya shiga gida. Su ke saya wa iyaye waya, su ke buɗe zaure, su ke riƙe da shugabancinsa. Ɗalibin da ke jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya iya gane cewa bidiyon da ake cewa na Maradi ne lambar motar cikinsa ba ta Nijar ba ce. Idan ya gani ya yi shiru don kada a ce ya raina babba, ya bar ƙarya ta wuce da izininsa. Ana iya gyara wa kawu magana cikin ladabi, a bi shi ta gefe, ba sai a gaban mutum ɗari biyu ba. Shugaban zaure kuma na iya kafa sharaɗi ɗaya da ko wanda bai je lakwal ba zai riƙe: duk muryar da ba ta faɗi wane ne mai magana, daga ina, kuma yaushe ba, a goge ta.

Tsakanin ɗan ci-rani da danginsa ma akwai maganar da ake gudu wadda ya kamata a yi ta a fili. Shi ya faɗi abin da yake samu a wata, da abin da yake biya na ɗaki da abinci, da abin da zai iya turowa. Su kuma su tsayar da mutum ɗaya da buƙatun gida za su riƙa bi ta hannunsa, a san abin da ya shigo da inda ya tafi. Maganar za ta yi ɗaci a ranar farko. Wasu za su ce ya canza, ya zama Bature. Amma ta fi a wayi gari yana kashe waya don gudun ƴan uwansa, abin da da yawa ke yi yanzu suna ɗora laifin kan rezo.

Akwai wani abu da zaurukan ƴan gari suka ƙware a kai. Idan ana tara kuɗin rijiya ko na masallaci, ana fitar da jerin sunaye, wane ya ba da jikka goma, wane biyar, wane bai bayar ba tukuna, har wani ya karanta shi da murya don kowa ya ji. Irin wannan jerin ne ba a yi wa matasan da suka bar garin a shekara biyun da suka wuce: nawa suka isa, nawa ke aiki ana biyansu, nawa ke tsare, nawa suka tako daga Point Zéro, nawa ne kuma rabon da a ji muryarsu tun suna Agadas. Ƴan zauren sun san amsar, kowa da guntun da ke hannunsa, kuma yaron da ke shirin sayar da ragonsa bayan girbi yana cikin zauren.